Tarihin Furen Wiwin Masana'antu da Dokar Kashi 0.3 Cikin Ɗari

1.0 Gabatarwa

Daga wajen shekarar 2017 wata haja ta bayyana a kantunan Turai, daga baya kuma na Amurka, wadda ta rikita ƴan sanda da alƙalai da su kansu masu yin doka. Hajar ita ce busasshen furen wiwi wanda ba a sarrafa shi ba, ana zuba shi a kwalba ko leda a sayar a fili. A ido da hanci ba shi da bambanci da tabar wiwin da ake ɗaure mutane a kanta, sai dai sinadarin da ke sa maye kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka yi tsiro guda ya sami hukunci biyu. Za a duba sunansa da siffarsa, da zamanin da ake noma shi don zare, da zamanin hani, da asalin lambar da ake auna shi da ita, da yadda ake noma furen, sannan rikicin shari'ar da ya biyo baya. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, iyakar da ke tsakanin halattaccen wiwi da haramtacce mutane ne suka shata ta, kuma sun shata ta da ma'auni biyu waɗanda ba su jitu da juna ba.

2.0 Suna da Siffar Tsiron

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa tsiron suna Cannabis sativa a shekarar 1753. Turawan Ingila suna kiran irin da ake nomawa don zare da suna hemp, Faransawa kuma suna cewa chanvre. Hausa ba ta da keɓaɓɓiyar kalma ga wannan iri, don haka takardar za ta kira shi wiwin masana'antu, ta kira ɗayan wiwin maye.

A nan akwai buƙatar ɗalibin harshe ya yi hattara. Sau da yawa ana fassara kalmar rama da wancan suna na Turanci, saboda ita ma ana cire zare daga karanta a tufka igiya, ganyenta kuma yana da yatsu kamar na wiwi. Amma rama dangin yakuwa da kuɓewa ce, sunanta na kimiyya Hibiscus cannabinus, ba ta da alaƙa da wiwi, ba ta kuma da sinadaransa. Kama da wane ba ta wane.

Wiwi tsiro ne mai mace da namiji daban-daban, kamar dabino ko giginya. Furen macen yana ɗauke da wasu ƙananan gashi masu danƙo, kuma a cikin wannan danƙo ne ake samun sinadaran da ake kira kanabinoyid, waɗanda adadinsu ya wuce 100. Biyu daga cikinsu ne suka fi shahara. Na farko shi ne THC, wanda ke sa maye. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya sa maye. Roger Adams na Jami'ar Ilinoi ya tace CBD a 1940. Raphael Mechoulam da abokan aikinsa a Isra'ila suka gano tsarin CBD a 1963, sannan suka tace THC a 1964.

Akwai wani batu na kimiyya da zai dawo a ƙarshen wannan tarihi. A ɗanyen fure, mafi yawan waɗannan sinadarai suna cikin wata siffa ta daban da ake kira THCA da CBDA. Shi THCA ba ya sa maye yadda yake, sai an sa masa zafi, ta hanyar ƙonawa ko dafawa, sannan ya rikiɗe ya koma THC. Ke nan fure zai iya nuna THC kaɗan a ɗakin gwaji, amma ya sa maye da zarar an kunna masa wuta.

3.0 Zamanin Zare

Asalin tsiron nahiyar Asiya ce, kuma mutanen ƙasar Sin sun yi dubban shekaru suna noma shi don tufafi da igiya da abinci. Tsummokaran wiwi na cikin kayan da Cai Lun ya haɗa takarda da su a wajen shekara ta 105 Miladiyya. Tun a zamanin da aka san ɗayar fuskarsa ma, domin masanin tarihi na Girka, Herodotus, ya ba da labarin wasu makiyaya da ke zuba shi a kan duwatsu masu zafi suna shaƙar hayaƙin.

A Turai darajarsa ta ɗaukaka ne a lokacin jiragen ruwa masu tafiya da iska, saboda igiyoyinsu da ƙyallayen da ke kama iska duk da zarensa ake yi. A 1533 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya wajabta wa manoma shuka rubu'in eka na wiwi ko kitani a kowace eka 60 ta gona. A 1619 majalisar Turawan da suka zauna a Bajiniya ta Amurka ita ma ta umarci mazauna su shuka shi. George Washington ya noma shi a gonarsa. A ƙarni na 19 jihar Kentaki ce cibiyar nomansa a Amurka, kuma bayi baƙar fata ne suka ɗauki wahalar aikin, domin fasa kara a fitar da zare aiki ne na ƙarfi. Wani ɓangare mai yawa na zaren an yi amfani da shi ne wajen ɗaure dammunan audugar jihohin kudu.

Abin lura a wannan zamani shi ne, kara manomi yake nema, ba fure ba. Bayan yaƙin basasar Amurka da ƴanta bayi, da zuwan jiragen tururi, da shigowar zare mai araha daga Asiya, noman ya ja baya tun kafin wata doka ta taɓa shi.

4.0 Zamanin Hani

Batun wiwi ya shiga dokar duniya ne a taron Janeba na 1925 kan miyagun ƙwayoyi, inda wakilin Masar ya dage sai an saka shi. A Amurka, Harry Anslinger, shugaban hukumar yaƙi da ƙwayoyi da aka kafa a 1930, ya jagoranci gangamin da ya haifar da dokar harajin wiwi ta 1937. Dokar ba ta haramta noman kai-tsaye ba, ta ɗora masa rajista da haraji da sa-ido ne. Ta kuma cire busasshen kara da zare da man iri daga ma'anar abin da take hukuntawa. Duk da haka manomi ba shi da hanyar samun kara ba tare da ganye da fure ba, don haka da yawa suka haƙura.

Yaƙin Duniya na Biyu ya farfaɗo da noman na ɗan lokaci. Da Japan ta mamaye Filifin ta toshe hanyar zaren da sojojin ruwan Amurka ke dogaro da shi, sai ma'aikatar gona ta fitar da wani fim a 1942 tana roƙon manoma su shuka wiwi don kishin ƙasa. Yaƙi na ƙarewa kasuwar ta mutu, aka girbe gonar kasuwanci ta ƙarshe a jihar Wiskonsin a ƙarshen shekarun 1950. A 1970 sabuwar dokar ƙwayoyi ta saka wiwi a rukuni na ɗaya, wato mafi tsanani, ba tare da ta bambanta iri da iri ba.

A matakin duniya, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ita ce ginshiƙi. Ta fassara wiwi da cewa shi ne kan tsiron mai fure ko mai ƴaƴa, ta kuma ce hukuncinta bai shafi noman da aka yi don zare da iri kawai ba. Wannan shi ne ma'auni na farko, wato ma'aunin sashen jiki: kara da iri halas, fure haram. Yarjejeniyar ba ta ambaci adadin THC ba, kuma ba za ta iya ba, tun da sai bayan shekara uku aka tace shi. Faransa da Sin da Tarayyar Sobiyet sun ci gaba da noman zare a ƙarƙashin wannan sassauci.

5.0 Asalin Lambar Kashi 0.3

Ma'auni na biyu ya fito ne daga wata maƙalar ilimin tsirrai. A 1976 Ernest Small, mai bincike a ma'aikatar gona ta Kanada, da Arthur Cronquist na Amurka, suka buga maƙala a mujallar Taxon kan rabe-raben wiwi. Sun tafi a kan cewa jinsi ɗaya ne, amma ana iya raba shi gida biyu bisa yawan THC. Don sauƙin rarrabewa suka zaɓi kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyi, wato giram 3 a cikin kilo guda. Su da kansu sun bayyana cewa zaɓi ne kawai suka yi, kuma ganyen sama na tsiron suka auna, ba furen ba. Ba su ce daga wannan adadi maye ke farawa ba.

Duk da haka lambar ta yi farin jini wajen masu doka, domin alƙali yana son abin da za a iya aunawa. Da Kanada ta sake halatta noman a 1998, ita ta ɗauka. Tarayyar Turai ta daɗe a kan kashi 0.2, sannan ta ɗaga zuwa 0.3 daga Janairu 2023. Suwizalan kuwa ta zaɓi kashi 1 cikin ɗari a 2011. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar yarjejeniya ce ta mutane. Don kwatanci, wiwin maye da ake sayarwa a Amurka a ƴan shekarun nan sau da yawa yana wuce kashi 15.

6.0 Daga Zare Zuwa Fure

Muddin kara da iri ake nema, ma'aunan biyu ba su yi karo ba. Matsala ta taso ne lokacin da CBD ya yi daraja. A 2013 gidan talabijin na CNN ya nuna labarin wata yarinya a jihar Kolorado mai fama da matsananciyar farfaɗiya, wadda ta sami sauƙi da man wiwi mai yawan CBD. A watan Yuni 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin CBD na wasu nau'o'in farfaɗiyar yara guda biyu. Ƴan kasuwa suka ɗora wa sinadarin wasu fa'idodi masu yawa da suka wuce abin da gwajin likitoci ya tabbatar, jama'a kuma suka yi rububi. Tun da CBD a fure yake taruwa, sai manomi ya juya ga sashen da yarjejeniyar 1961 ta haramta.

Noman fure ya sha bamban da noman zare. Mai neman zare yana watsa iri da yawa a cunkushe, don tsirrai su yi tsere zuwa sama, su miƙe mita biyu zuwa huɗu ba rassa. Yana yanka da inji a daidai lokacin fure ko kafin iri ya nuna, ya bar karan a raɓa ko a ruwa har ɓawon ya saki, kamar yadda ake yi wa rama. Mai neman fure kuwa aikinsa ya fi kama da na lambu. Yana dasa tsirrai da tazara don su yi rassa, kuma mata zalla yake so, ko ta dashen reshe ko ta irin da aka tanada don ya ba da mata. Idan ƙurar furen namiji ta kai ga mace, sai ta koma yin ƴaƴa, danƙonta ya ragu, farashinta ya faɗi. Saboda iska na ɗaukar wannan ƙura zuwa nesa, gonar zare da gonar fure ba sa maƙwabtaka lafiya. Tsiron yana fara fure ne idan dare ya soma tsawo, girbi kuma yawanci da hannu ake yi, a shanya a inuwa mai iska don gudun ruɓewa.

Babbar fargabar manomi ita ce lambar nan. Tsiron da ke yin CBD yana yin ɗan THC tare da shi, kusan kashi ɗaya a kowane kashi 20 zuwa 30. Ma'ana, furen da CBD ɗinsa ya kai kashi 10 yana gab da ƙetare iyaka, ko ma ya ƙetare. Daɗin daɗawa, sinadaran biyu suna ƙaruwa tare yayin da furen ke nuna. Manomi na son ya jinkirta girbi don CBD ya ƙaru, doka kuma na jiransa idan ya makara. Binciken Jami'ar Cornell na 2020 ya nuna cewa irin da aka shuka ne ya fi yanke wannan hukunci, fiye da yanayin ƙasa ko ruwa. A ƙa'idar ma'aikatar gona ta Amurka ta 2021, ana ɗaukar samfuri cikin kwana 30 kafin girbi, gonar da ta wuce iyaka kuma sai a lalata amfaninta ko a gyara shi ta hanyar da hukuma ta yarda.

7.0 Rikicin Shari'a

7.1 Turai

A Suwizalan da Italiya aka fara ganin kantunan fure da yawa. Dokar Italiya mai lamba 242 ta 2016 an yi ta ne don ƙarfafa noma, ta ɗauke laifi daga manomi har zuwa kashi 0.6, amma ba ta fayyace matsayin sayar da fure ba. Ƴan kasuwa suka shiga ta wannan giɓi. A watan Afrilu 2025 gwamnatin ƙasar ta fitar da dokar tsaro wadda ta hana sarrafa furen da sayar da shi.

Faransa, wadda ta fi kowace ƙasar Turai noman wiwin masana'antu, ta bi akasin wannan hanya. Dokarta ta halatta zare da iri kawai. A ranar 19 ga Nuwamba 2020 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar da aka sani da Kanavape, ta yanke cewa CBD ba ya cikin miyagun ƙwayoyi, kuma Faransa ba za ta hana shigo da wanda aka yi bisa doka a wata ƙasar Tarayyar ba sai da hujjar lafiya. Gwamnati ta mayar da martani a ranar 30 ga Disamba 2021 da ƙa'idar da ta yarda a tace furen a masana'anta, amma ta hana sayar da ɗanyensa ga jama'a. Hujjarta ita ce lafiyar jama'a, da kuma cewa ɗan sanda ba zai iya bambance shi da na maye ba. Babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da hanin a Janairu 2022, ta soke shi a ranar 29 ga Disamba 2022, tana mai nuni da cewa akwai gwajin gaggawa da ke bambance su. A nan ma'aunin lamba ya rinjayi ma'aunin sashen jiki.

7.2 Amurka

Dokar noma ta 2014 ta ba jihohi da jami'o'i damar gwaji. Ta 2018, wadda Sanata Mitch McConnell na Kentaki ya tsaya mata, aka kuma sa mata hannu a ranar 20 ga Disamba, ta cire wiwin masana'antu daga jerin haramtattun ƙwayoyi. Ta fassara shi da cewa kowane sashe ne na tsiron wanda THC nau'in delta-9 bai wuce kashi 0.3 a cikinsa ba.

Sakamakon ya zo da sauri. A Janairu 2019 ƴan sandan jihar Aidaho suka kama babbar mota ɗauke da fiye da tan 3 na amfanin gona daga Oregon zuwa Kolorado, suka tsare direban. A Tekzas masu gabatar da ƙara suka janye ɗaruruwan ƙananan ƙararrakin wiwi a wannan shekara, domin ɗakunan gwajinsu suna iya nuna akwai THC, amma ba sa iya nuna yawansa. Su kuma manoma sun karɓi lasisin fili da ya kai hekta 200,000 a 2019, kaya ya yi wa kasuwa yawa, farashi ya karye. A 2021 kimanin hekta 22,000 aka shuka, a 2022 kuma kimanin 11,500.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yake dokar delta-9 kawai ta ambata, masu rarar CBD suka riƙa juya shi a ɗakin haɗa sinadarai ya koma delta-8, wanda ke sa maye, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta yanke a 2022 cewa lafazin dokar ya halatta shi. Wasu kuma suka sayar da fure mai yawan THCA, suna kafa hujja da cewa kafin a ƙona shi bai wuce iyaka ba. Ta haka dokar da aka yi don manomin zare da mai neman magani ta buɗe kasuwar maye. A watan Nuwamba 2025 majalisar dokokin Amurka ta sake fassarar, ta ce za a lissafa jimillar THC har da THCA, ta kuma ƙayyade miligiram 0.4 a kowane mazubi na kayan da aka gama sarrafawa, tare da wa'adin shekara guda kafin fara aiki.

8.0 Afirka ta Yamma

Lambar ta iso wannan yanki ta ƙasar Gana. Dokarta ta 2020 mai lamba 1019 ta ba da damar lasisin noman wiwin da bai wuce kashi 0.3 ba, don masana'antu da magani. Kotun ƙoli ta soke wannan sashe a Yuli 2022 saboda majalisa ba ta bi ƙa'idar muhawara ba, majalisar kuma ta sake zartar da shi a Yuli 2023. A Nijeriya dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, aka sassauta ta a 1975, aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Dokokin Nijeriya tsiron suke hukuntawa, ba sa duba yawan THC. A Nijar ma dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana noman wiwi. Saboda haka furen da aka saya da rasit a kantin Faris, wiwi ne kawai a gaban jami'in da ke filin jirgin saman Kano.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tsiron bai sauya ba, abin da mutane ke nema a jikinsa ne ya sauya, daga kara zuwa fure. Yarjejeniyar 1961 ta raba halas da haram bisa sashen jiki, dokokin ƙasashe kuma suka raba bisa lambar da masana tsirrai biyu suka zaɓa a 1976 don wata manufa daban. Ɗanyen furen wiwin masana'antu ya faɗa tsakanin ma'aunan biyu: haramtacce ne a na farko, halattacce a na biyu. Shi ya sa Faransa ta hana shi kotu ta buɗe, Italiya ta bar shi shekaru sannan ta rufe, Amurka kuma ta sake rubuta fassararta bayan shekara bakwai. Duk ƙasar da ke shirin shiga wannan noma, kamar Gana, tana buƙatar ta amsa tambayoyi uku tun kafin a kai iri gona: wane sinadari za a auna, a wane sashen tsiro, kuma wane ɗakin gwaji ne zai iya aunawa. Inda aka bar waɗannan tambayoyi a buɗe, manomi da direba da ƙaramin ɗan kasuwa ne suka biya kuɗin kuskuren.